Ƙaura Ba a Kashe Fitila Ba

'Yan uwa masu kwana gaban baƙin allo, ku matso kusa. Yau yabo na zo yi, ban zo da sikeli ba, wanda ya ga na zaƙe sai ya yi haƙuri. Abin da ya sace mini zuciya layi ɗaya ne tak, virsh migrate --live, da ɗan guntun rubutun bash ɗin da ke riga shi zuwa ya share masa hanya. Layin kowa ya san shi, kowa na yabonsa. Rubutun nan kuwa, mai tawali'u, mai aiki a ɓoye, wanda ba ya kai layi arba'in amma in babu shi duk burgar ta zama abin kunya, shi ne gwanina.

A Bodinga abin ya kama ni, a wani shago da ke bakin titin da ya fito daga Sakkwato ya nufi Shagari da Tambuwal, inda yara ke zuwa gwajin jarrabawar JAMB a kwamfuta. Sabobinmu ba wasu na a zo a gani ba ne: kwamfutocin tebur guda biyu 'yan gwanjo, kowace da Debian da KVM a cikinta, sai ta uku tana riƙe da faifan ajiya tana raba musu ta NFS. Watan Afrilu ne, kun san zafin Sakkwato ba sai na faɗa ba. Fankar kwamfuta ta farko, mai masauki, ta fara wani kuka kamar injin markaɗe, ƙurar hunturun da ya wuce ta toshe mata numfashi, ga yara cike da ɗaki kowa na tsakiyar tambayoyi, agogo na tafiya. Baƙuwar kwamfutar da ke ɗauke da jarrabawar tana cikin wannan mai kukan. Na buɗe taga ɗaya na sa ping yana ta bugawa, na buɗe ta biyu na rubuta umarnin, na yi bismillah na danna. Kashi goma, kashi sittin, casa'in da tara, ɗari. A tagar ping amsa ɗaya ce ta ɓata. Yaron da ke koyon aiki a wajena ya leƙo ya ce, "Oga, ka fara?" Na ce masa na gama, je ka cire waccan daga soket ka kawo burushi. Cikin ɗakin ba wanda ya ɗago kai.

Wallahi daɗi.

Ku tuna yadda abin ke gudana, don ni ba na gajiya da tuna shi. Kamar a ce za ka kwafe littafin bashin mai kanti alhali yana ci gaba da ba da bashi. Ka kwafe littafin duka, shi yana ta rubutu. Ka dawo ka sake kwafe shafukan da ya taɓa kaɗai. Ka sake dawowa, yanzu sun ragu. Haka har ya rage 'yan shafukan da za ka iya kwafewa cikin ƙiftawar ido, sai ka riƙe masa hannu, ka ƙarasa, ka miƙa masa biro a kan sabon littafi. Haka QEMU ke yi da RAM ɗin baƙo, kuma tsayawar da yake hari a ƙarshe, in ba ka canja ba, milisakan 300 ce. Lissafin kansa abin sha'awa ne: kebul mai gigabit ɗaya na ɗaukar kusan megabait 125 a daƙiƙa, saboda haka baƙo mai giga 8 zai ci minti ɗaya da ɗoriya a zagayen farko. VMware ne suka fara sayar da wannan dabara da sunan VMotion a 2003, sannan mutanen Xen na Jami'ar Kambirij suka nuna wa duniya a 2005 cewa za a iya ɗaga sabar wasan Quake 3 ana cikin wasa, tsayawar ba ta wuce milisakan 60 ba. KVM na Avi Kivity ya shiga cikin Linux 2.6.20 a farkon 2007, shi ya sa yau ni ɗan Bodinga nake yin abin a kan kwamfutar gwanjo ban biya kowa sisi ba.

Amma duk wanda ya taɓa yi ya san kwafe RAM shi ne mai sauƙin. Hanyar sadarwa ce mai kayar da gwani. Baƙo ya tashi da adireshinsa na IP, ya tashi da lambarsa ta MAC, bai ma san ya canja gida ba. To suwic fa? Shi yana da rajistarsa, ya rubuta cewa mai wannan MAC yana bayan rami na uku, kuma galibi sai an yi daƙiƙa 300 ba a ji motsin mutum ba kafin ya goge sunansa. Nan QEMU ke yin wani abu da nake ƙauna ƙwarai: baƙo na sauka sai ya tura 'yan fakitin RARP da sunansa, kamar mai shela ya zaga gari yana cewa wane ya koma unguwa kaza, in kuma katin virtio ne sai a sa baƙon da kansa ya yi shelar ARP. Suwic ya ji, ya gyara rajista, saƙo ya bi sabon rami. Ƙanƙanin abu, mai tsabta, mai wayo, wanda ba ya neman a gode masa.

Sai dai shela ba ta da amfani in babu ƙofa. Idan gadar da baƙo ya saba ratayawa a kanta br20 ce, can kuma sabon masauki babu br20, ko akwai ta amma ba a saka mata lambar VLAN ɗin ba, to ko dai ƙaurar ta ƙi, ko kuma mafi muni ta yiwu, baƙo ya sauka lafiya garau ya zama kurma. A nan ne gwanina ke shigowa. Fayil ne guda, /etc/libvirt/hooks/qemu. Libvirt da kansa ke kiransa a kowace gaɓa ta rayuwar baƙo, ya miƙa masa sunan baƙon da abin da ake shirin yi: prepare, start, started, stopped, release, migrate. Nawa rubutun, in ya ji prepare, sai ya duba da ip link ko gadar na nan. In babu ya gina ta, ya haɗa ta da katin VLAN, ya tayar da ita, ya daidaita MTU, ya buɗe abin da ya kamata a nftables. In ya ji release ya duba ko akwai sauran mai amfani da gadar, in babu ya rushe ta ya share wuri. Ka kira shi sau goma, abu ɗaya zai bari. Ladabi ke nan.

Gaɓar migrate ita ce ta fi kashe ni. A sabon masauki, kafin baƙo ya iso, libvirt na zuba wa rubutunka dukkan bayanin baƙon na XML ta stdin, duk abin da ka mayar ta stdout shi za a yi aiki da shi. Ka yi shiru, a bar shi yadda yake. Ka fita da kuskure, a fasa ƙaurar tun ba a yi nisa ba, baƙo na can tsohon gidansa bai san an yi ba. Wato da sed layi ɗaya za ka canja sunan gada daga na can zuwa na nan, baƙo na kan hanya. Ranar da na gano haka sai da na tashi na zaga shagon sau biyu, mai shayin gefenmu ya tambaye ni ko an yi mini haihuwa ne.

Ƙorafi? Akwai, masoyi ma yakan yi tsaki. Duk wanda ya kira virsh daga cikin wannan rubutu ya ɗaure kansa da kansa: libvirt na jiran rubutu, rubutu na jiran libvirt, su yi ta kallon juna har asuba. An rubuta gargaɗin a takardunsu, ni ne ban karanta ba sai da na sha. In ka sa sabon fayil ɗin kuma dole ka sake tayar da libvirtd kafin ya lura da shi, abin da ya ci mini rabin yini ina zargin bash da laifin da ba nasa ba. Ga STP: gadar Linux in an kunna mata shi, sabon rami sai ya yi daƙiƙa 15 yana saurare, wasu 15 yana koyo, saboda haka in baƙon ƙarami ne ya iso da wuri, shelarsa a bango za ta bugu. Ga ramukan TCP daga 49152 zuwa 49215 da kowa ke mantawa ya buɗe a fayawol. Batun ɗaga baƙo daga Intel zuwa AMD da host-passthrough kuwa, kada ma a fara.

Na san 'yan Proxmox na can suna murmushi, suna cewa mu danna ɗaya muke yi. Gaskiyarku, kuma ni ma ina son Proxmox, kada ku ji komai. Mutanen Biyana masu Proxmox sun yi aiki tun 2008: vmbr0 a fili cikin /etc/network/interfaces, ifreload -a ya gyara hanya ba a sake kunna na'ura ba, layi ɗaya a datacenter.cfg ya ware wa ƙaura kebul ɗinta daban kada ta danne masu jarrabawa, qm migrate da --online ya gama magana. Tun fitowar 8.1 a ƙarshen 2023 ma SDN ya zauna daram, ka zana hanya sau ɗaya ta bazu ga kowane masauki. Amma hookscript ɗinsu gaɓa huɗu kawai ya sani, kafin tashi da bayan tashi, kafin tsayawa da bayan tsayawa, babu wannan tacewar XML da nake mutuwar so. Kuma kulosta mai masauki biyu, a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, da zarar ɗaya ya mutu sai ɗayan ya rasa rinjayen ƙuri'a ya naɗe hannu, sai ka nemo ɗan Raspberry Pi ya zama mai raba gardama. Masu VMware kuma tun da Broadcom ya kammala sayen kamfanin a Nuwamban 2023 aka daina sayar da lasin na dindindin, sai haya, da dala. Ku zo, akwai tabarma.

To, ga haukan da ya kai ni Shagari. Wani abokina na da irin shagonmu a can, garin marigayi Shugaba Shehu Shagari, muka ce me zai hana baƙo ya tashi daga Bodinga ya sauka wajensa da rai? Kulosta ba za ta yiwu ba, corosync na son amsa cikin 'yan milisakan kaɗan, layin wayar salula ba ya alkawarin haka. Libvirt kuwa ba ruwansa da kulosta, ssh kawai yake nema. Muka haƙa ramin WireGuard tsakanin shagunan biyu, muka shimfiɗa VXLAN a cikinsa ta UDP 4789, gadojin biyu suka zama tsakar gida ɗaya. Babban faifan baƙon a filas na sa shi, na ba direban motar haya a tasha kamar saƙon goro, don --copy-storage-inc ya tura bambancin da ke sama kaɗai.

Daren farko ping na tafiya sumul, ssh na shiga, amma shafi ya ƙi buɗewa, ya tsaya yana juyi. Kun riga kun san mai laifin. WireGuard ya bar maka 1420, VXLAN ya ciji 50, saura 1370, baƙo kuwa na ta tura 1500 abinsa, manyan fakiti na mutuwa a hanya ba ko jana'iza. Aka ƙara wa rubutu layi biyu. Dare na biyu ƙaurar ta ƙi ƙarewa, ta kai casa'in da wani abu ta koma baya, mai kanti ya fi mai kwafe sauri. Giga ɗaya a kan megabit 10 kusan minti 14 ne, baƙon da ke aiki kuwa ba zai jira ka ba. Akwai --postcopy, wanda ke tayar da baƙo a can tun kayansa ba su gama isa ba ya riƙa janyo sauran, amma in layi ya yanke a tsakiya, rabin ransa na nan rabi na can, ni kuma na san layinmu. Na zaɓi --auto-converge, wanda ke rage wa baƙo gudu a hankali har mai kwafe ya cim masa. Dabara ce irin ta tsofaffi, a ja wa doki linzami ba a sauke mahayi ba.

Wajen ƙarfe biyun dare allo ya nuna ɗari. Waya ta yi ƙara.

"Malam, ga baƙonka nan ya iso," in ji abokina, muryarsa duk barci. "Top ɗin da ka bari a buɗe ma bai tsaya ba."

Na ce ya duba uptime. Ya karanto mini kwana goma sha ɗaya, kwamfutar da ke gabansa kuwa da magariba ya kunna ta. Muka yi ta dariya kamar yara, shi a Shagari ni a Bodinga, janareto na ruri a bayan kowannenmu.

Da safe na lura baƙon na Shagari amma ƙofar fitarsa zuwa intanet har yanzu ta Bodinga ce, duk abin da ya nema sai ya biyo rami ya dawo wajena sannan ya fita, datata yake sha ba ta abokina ba. Na buɗe fayil ɗin, na gangara ƙarƙashin started, na fara sabon layi.