Gwangwani Ba Ya Buga Minti 90

Wata ɗabi'a ta shigo filayen ƙwallon Damagaram, tun daga Birni har Zango da Garin Malam, kuma tana ci mini rai. Yaro zai yini a fada yana kurɓar shayi, cikinsa wayam. La'asar na yi ya kwankwaɗi gwangwanin lemon ƙara kuzari, wani ma ya haɗa da tramol, ya faɗa fili. Minti 20 na farko ba mai kama shi. Ana dawowa daga hutun rabin lokaci sai ka gan shi riƙe da ƙugu, sharaɓa ta ɗaure.

Ina mamakin abin yake? A watannin Afrilu da Mayu zafin Zinder yakan haura digiri 40, mai gudu kuwa yana iya zubar da gumin da ya kai lita guda ko fiye cikin awa. Da zarar jiki ya rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, gudu ya ragu, ƙwaƙwalwa ta yi nauyi, ƙwallon ma ba ta zuwa inda aka aika ta. Tramol kuwa ciwo yake ɓoyewa, yaro ya yi ta gudu a kan rauni bai sani ba. Tun Janairun 2024 hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta haramta shi a lokacin gasa.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne kocin da ke hana yara shan ruwa a atisaye, wai su saba da wuya. A gasar cin kofin duniya a Brazil a 2014 alƙali ya tsayar da wasan Holan da Meziko don manyan ’yan wasan duniya su jiƙa maƙoshi. Su ne ragwaye ke nan? Mu da ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926, ai bai kamata a koya mana darajarsa ba.

Abincin da ya dace da ɗan wasa kuma yana gida. Fura da nono ko tuwon gero awa uku kafin wasa, dabino a hutu, ruwa mai ɗan gishiri da sukari in gumi ya yi yawa.

Masu horaswa, don Allah jarkar ruwa ta riga ƙwallo isa fili, kuma duk yaron da ya sha ƙwaya a zaunar da shi a benci.