Gwanintar Zaɓen Kalmomin Mahaɗi

A kusan kowane shafi na intanet akwai 'yan kalmomi shuɗɗa, wani lokaci da layi a ƙarƙashinsu, waɗanda da ka latsa sai su kai ka wani shafin. Mai karatu bai cika tsayawa a kansu ba. Amma akwai gwanayen da suka san cewa waɗannan kalmomi na mahaɗi suna cikin abubuwan da ke sa Google ya ɗaga shafi sama ko ya bar shi can baya, kuma aikinsu ya cancanci yabo.

Asalin abin yana cikin takardar da Larry Page da Sergey Brin suka fitar a 1998, suna ɗalibai a Jami'ar Stanford ta Amurka. Sun lura cewa kalmomin da wasu suka yi amfani da su wajen nuna wani shafi sukan bayyana shi fiye da yadda ya bayyana kansa. Kamar binciken aure ne: ba a tambayar saurayi halinsa, maƙwabta ake tambaya. Saboda haka injin bincikensu, wato Google, yana lissafa kalmomin mahaɗi a matsayin shaida kan shafin da aka nufa. Ta wannan hanya har hoto, wanda ba shi da rubutu, ana iya gane abin da ya ƙunsa.

Ƙarfin wannan shaida ya fito fili a 2003, lokacin da mutane da dama suka haɗa baki suka riƙa liƙa wasu kalmomi biyu na Turanci masu nufin mummunar gazawa a kan mahaɗan da ke kai mutum shafin tarihin Shugaba George W. Bush na Fadar White House. Duk wanda ya nemi kalmomin sai shafin ya fito a farko, alhali babu su a cikinsa. Sai a watan Janairun 2007 Google ya toshe wannan kafa.

To ina gwanintar take? Dubi edita da aka miƙo masa rubutu kan noman masara, an rufe shi da cewa: "Don ƙarin bayani latsa nan." Gwani ba ya wucewa. Zai fara buɗe shafin da ake nufi ya ga abin da ke cikinsa, sannan ya sake gina jimlar: "Kafin damina ta kankama, duba yadda ake zuba taki a gonar masara." Ba zai shuɗanta jimlar duka ba. Kalmomin ƙarshe kawai zai ɗaura wa mahaɗin, domin su ne ke faɗin inda za a je. "Latsa nan" bai gaya wa injin komai ba, bai gaya wa manomi komai ba. Sabuwar jimlar kuwa ta sanar da su duka. Idan mahaɗin a jikin hoto yake, gwani zai cike gurbin bayanin hoton, don shi Google ke karantawa a madadin kalmomi.

Abin da ya fi burge ni shi ne sanin iyaka. Da mutane suka gane sirrin, sai wasu suka shiga sayen mahaɗai, suna cusa kalma ɗaya tak a ɗaruruwan shafuka. A watan Afrilun 2012 Google ya fito da gyaran da ake kira Penguin, shafuka da yawa masu irin wannan dabara suka faɗo, kuma a 2016 gyaran ya zama ɓangare na ainihin tsarin injin. Dalilin a bayyane yake: mutanen da ba su haɗa baki ba ba sa yin magana da kalma iri ɗaya. Wani zai ambaci sunan shafin, wani taken rubutun, wani ya faɗa da nasa salon. Shi ya sa gwani yake barin kalmominsa su bambanta yadda zance ya kawo su. Idan kuma mahaɗin na talla ne da aka biya kuɗi, sai ya sa masa alamar da ke nuna haka, irin wadda Google ya ƙaro a 2019.

Akwai kuma wanda gwani ba ya mantawa da shi: makaho mai amfani da manhajar da ke karanta masa allo. Manhajar tana iya jero masa mahaɗan shafi su kaɗai. Idan duk "latsa nan" ne, ya rasa hanya. Idan kowane ya faɗi inda ya nufa, sai ya zaɓa da kansa ba tare da ɗan jagora ba.

Kai mai rubutu da Hausa a intanet, wannan sana'a ba ta buƙatar jari. Kafin ka ɗaura mahaɗi, karanta kalmominsa su kaɗai, ka tambayi kanka ko baƙo zai san inda za su kai shi. Idan zai sani, ka yi aikinka daidai.