Ladabin Kashe Na'ura

Tun da wutar sola ta shiga fadamun Haɗejiya, wasu samarinmu masu ilmin kwamfuta, na nan Malam Madori da maƙwabta, sun himmatu ga harhaɗa ƙananan na'urori irin Raspberry Pi, wadda aka fito da ita a Ingila a 2012, domin sarrafa injin ban-ruwa ko ajiye lissafin shago. Himmar kuwa abar yabo ce, illa dai na lura da wata gafala tattare da ita, wato mutum ya ƙware wajen tayar da na'ura, amma ya bar kashe ta a hannun duk wanda ya fizge waya.

Ga inda haɗarin yake. Tsarin Linux, wanda galibin na'urorin nan ke gudana a kansa, ba ya rubuta bayani a katin memori nan take, sai ya tara shi a ƙwaƙwalwar wucin gadi, wani lokaci har kimanin daƙiƙa 30. Idan kuwa wuta ta yanke kafin rubutu ya kammala, to ko dai lissafi ya salwanta, ko katin ya gurɓace, na'ura ta ƙi tashi, a bar manomi da shinkafa tana ƙishi, alhali bai san laifin da ya yi ba.

A fahimtata, kamar yadda salla ba ta cika sai da sallama, haka manhaja ba ta cika sai da hanyar rufewa. Wajibi ne mai rubuta ta ya sa ta riƙa lura da ƙarfin batir, ta yadda da zarar ya yi ƙasa za ta fara tsayar da injin, ta rufe fayilolinta, ta ba da umarnin sync domin abin da aka tara ya sauka a kati, sa'an nan umarnin shutdown, wanda ke aika wa kowane shiri saƙon SIGTERM, ya jinkirta masa ya kintsa, kafin a tsayar da mai taurin kai da ƙarfi. Su kansu masu ƙera Raspberry Pi sun sanya wa samfuri na 5 maɓallin kashewa a 2023.

Saboda haka ina roƙon malamanmu na Kwalejin Binyaminu Usman da ke Haɗejiya da Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa, don Allah kada su karɓi aikin ɗalibi sai an yanke wa na'urarsa wuta a gabansu, an mayar, an ga ta tashi lafiya. Domin dukiyar manomi amana ce a wuyan wanda ya haɗa masa na'urar.