Garkar Lakwal: Aji Ce Ko Wurin Horo?

Ya kai mai karatu, idan kana da ɗa ko ɗiya a lakwal, wannan magana taka ce.

Ka san ƙasarmu ta Gaya. Duk Nijar ba inda ya kai mu samun ruwan sama. Ga kogin Kwara, ga fadamun Dallol Mauri da Dallol Foga. Muna noman shinkafa da rake da rogo da dankali da albasa. Giginya tana ba mu muruci. Ƴan kasuwa daga Kamba ta Najeriya da Malanbil ta Benin sun daɗe da sanin kayan gonarmu. To, yaron da aka haifa a irin wannan ƙasa, ya dace ya fito lakwal bai san yadda ake auna fangali ba?

Hukuma ta daɗe da ganin wannan. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suka fara karatu da Hausa. A 1998 aka yi babbar dokar ilimi ta ƙasa, wadda take son karatu ya dace da rayuwar mutane. Cikin tsarin lakwal akwai darasin aikin hannu da noma. Niyya mai kyau ce. Amma sau da yawa aikin yakan karkace, kuma ga inda yake karkacewa.

Na ɗaya, akan mai da garka wurin horo. Yaro ya makara, ko ya yi surutu, sai a ce ya je ya ɗebo ruwa bokiti 10. Me ya koya? Ya koyi cewa noma aikin mai laifi ne. Gobe in ya girma, ya guji gonar ubansa, wa za a zarga?

Na biyu, akan raba garka da aji. A cikin aji yara suna rera ƙidaya da ka, ba su san abin da suke ƙirgawa ba. A garka kuwa suna ban ruwa, ba mai tambayar su kome. Alhali lissafi yana nan kwance cikin ƙasa. Duba wannan misali. Fangali mai tsawon mita 5, faɗi mita 1. A dasa salati, tsakanin kowane tushe santimita 25. Za a samu layi 4, kowane layi tushe 20. Duka nawa ke nan? Tushe 80. In an sayar da kowane dala 5, an samu dala 400, watau jika 2. Yaron da ya ja igiya ya auna da hannunsa, ya ƙirga, ya rubuta a allo, ba zai manta ba. Gani ya kori ji.

Haka ma ƙanana ƴan ajin farko. Su ba sa ɗaukar bokiti, amma suna iya ƙirga ƙwayar wake 10, su shuka, su duba 7 ne suka tsiro ko 8. Suna iya faɗin sunan zogale da kuɓewa da tumatir da Hausa, da Dandanci, da Fulatanci, kafin su koyi na Faransanci. Daga abin da yaro ya sani ake kai shi ga abin da bai sani ba.

Na uku, ba a yin bayanin amfanin da aka samu. Yara sun sha rana tun sanyi har bazara, kayan sun nuna, sun ɓace, ba wanda ya ji labari. Wannan yana kashe zuciya. Kamata ya yi a buɗe littafi, yara da kansu su rubuta abin da aka saya, da abin da aka sayar, da abin da aka ci.

Kada ka ce duk laifin mushe ne. Mutum ɗaya da yara cike da aji, ba shinge, rijiya da nisa. Akuyar da ta cinye salatin, ta wace ce? Ta garinku ce. Lakwal kuma takan rufe da damina, lokacin da kowa ya shiga gona. In ba mai kula da itatuwan da aka dasa, kafin a koma a watan Oktoba sun lalace.

Saboda haka ga abin da za ka iya yi. Ka je taron kwamitin lakwal. Ku sa hannu ku yi shinge da kara ko ƙaya. Ku kai takin dabbobi. Kai da ka yi shekaru kana renon irin albasa, ka ba da safiya ɗaya ka nuna wa yara, don a nan ka fi littafi sani. Ke ma uwa, ki nuna musu yadda ake shanya zogale a inuwa.

Yanzu ka iya karatu da ƙidaya. Ka nemi a nuna maka littafin garka, ka karanta da idonka. Da dare ka tambayi yaronka: yau me ka auna, me ka ƙirga? In ya ce ruwa kaɗai ya ɗebo, to da gyara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.