Baba ta Karo da Zancen Riƙo

Wata magana da ta taso a unguwarmu a Suleja ce ta mayar da ni ga littafin Baba of Karo. Yarinya ce ta yi ciki ba aure, gida ya kacame. Wasu suka ce a kai ta ƙauye ta haihu a ɓoye, wasu na raɗa cewa akwai masu neman jinjiri a Abuja, a miƙa kawai, ba a sake jin ɗuriyarsa. Sai gwaggonta, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta dubi uban yarinyar ta ce: "Yaya, in an yaye shi a ba ni. Amma fa ba zan ɓoye masa uwarsa ba." A daren nan na lalubo littafin daga ƙasan akwati, bangonsa duk ya ɗaye.

Mary Smith ce ta zauna da Baba a Giwa ta ƙasar Zazzau, daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, tsohuwa na faɗi tana rubutawa da Hausa, daga baya ta juya shi Turanci. Kamfanin Faber ya buga shi a Landan a 1954. Baba ba ta gan shi ba, ta rasu tun 1951. Mu mutanen Suleja ba baƙi ba ne a cikinsa: daga Zariya Sarki Makau ya fito lokacin jihadi, Abu Ja kuma ya kafa garin nan a 1828, don haka yawancin al'adun da take zayyanawa na taras da su a ɗakin kakata.

Mutane sun fi tuna littafin da harin bayi da rinji da bori da zuwan Nasara. Ni wani wuri yake kama ni. Baba ta yi aure huɗu, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ba ta tsufa a ɗaki shiru ba, domin dangi sun ba ta 'ya'ya ta riƙa. Kuma dubi yadda take faɗinsa! Ba kukan juya, ba neman a tausaya mata. Wane ya haifi wance, aka yaye ta, aka kai ta wurin wance. A karatuna na farko wannan lissafin dangi ya gundure ni, har ina tsallake shafi. Sai da na girma na gane shi ne ƙashin bayan littafin. Kowane ɗan riƙo da ta ambata, tana haɗa shi da wadda ta haife shi da wadda ta goya shi, ba wadda ta shafe wata.

Ina kuma son yadda kunyar ɗan fari ke fitowa a bakinta. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, sau da yawa ma kaka ko gwaggo ke ɗauke shi bayan yaye. Baƙo zai ce rashin so ne. Baba ba ta tsaya kare al'adar ba, nuna ta kawai take yi tana aiki, har mai karatu ya ga cewa ɗa na mutane da yawa ne tun ranar suna.

A Amurka kuwa, a tsakiyar ƙarni na 20, in an ba da yaro riƙo rufe takardu ake yi, a canza wa yaro suna, uwa ba ta san inda ya faɗa ba. Sai daga shekarun 1970 aka fara buɗe ƙofa, uwa ta san mariƙa, tana ziyara. Abin da suka iso da ƙyar, Baba a cikinsa ta tashi. Addini ma ya riga ya yanke: Suratul Ahzab ta hana a jingina ɗa ga wanda ba ubansa ba, kamar yadda aka mayar wa Zaidu da sunan mahaifinsa Harisa.

Sai dai littafin bai kai ni har ƙofar gidan maƙwabtanmu ba. Riƙon da Baba ta fi sani na 'ya'yan sunna ne, masu uba sananne da rago da dangi biyu suna rububin ɗauka. Ɗan da ubansa ya yi tsalle ya ce bai san zancen ba, da uwar da ake nunawa da baki a gidan biki, ba su sami fili sosai ba. Muryar mariƙiya muke ji. Da na so in ji ta ɗan riƙon kansa, ko ta uwar da ta miƙa ɗa ta koma ɗaki nono na zuba. Sannan Turancin Mary, duk da tsabtarsa, ya guge wasu gaɓoɓi. Nakan tsinci kaina ina mayar da jimla Hausa a zuci, ina laluben ainihin abin da tsohuwar ta ce. Tambayoyin da aka yi mata ma ba a nuna mana su ba, bare mu san inda aka karkata hirar.

Yaron unguwarmu yanzu ya fara tafiya. Yana wurin gwaggo a Kwamba, Inna yake ce mata. Uwarsa ta koma makaranta, ranar Juma'a takan hau Keke Napep ta je da ƙosai a leda. Har yau manya ba su daidaita kan sunan da zai riƙa kiranta da shi ba.