Gwanin da ba ya yarda da idonsa

Idan kana son gwada mai ɗaukar bidiyo, kai shi Kalambaina da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu. A wannan yanki na bakin birnin Sakkwato, inda kamfanin siminti yake aiki tun 1967, ƙasar fara-fara ce. Rana tana duka daga sama, ƙasa tana mayar da hasken daga ƙasa, zafi ya haura digiri 40, tirelolin siminti suna tada ƙura. A nan ne za a fito da ango cikin farar shadda mai sheƙi, inuwar hula ta sauka a goshinsa, a ce maka ɗauki.

Wanda bai ƙware ba zai kare fuskar kyamara da tafin hannu, ya leƙa, ya ce ya yi. Sai an je wurin tace hoto a ga ɓarnar: rigar ta zama farin fili, aikin da maɗinki ya yi makonni yana yi ya ɓace, ko kuma rigar ta fito amma fuskar ango ta dulmuye cikin duhu. Dalili kuwa shi ne idon mutum yana daidaita kansa da haske ba tare da ya sani ba, kyamara ba ta da wannan baiwa, ƙaramin allonta kuma a tsakar rana yaudara yake yi. Shi ya sa gwani yake kunna ma'aunan da ke cikin manhajar kyamara, kamar telan da ba ya yanka shadda sai ya sa tef ko da ya shekara talatin yana ɗinki.

Na farko shi ne abin da 'yan sana'ar suke kira zebra, wato karkatattun layuka da ke bayyana a duk inda haske ya yi yawa. Ma'aunin hasken bidiyo yana tashi daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 100, fari fat. Gwani yakan saita layukan a wajen 95. Da ya ga sun fara rawa a kafaɗar ango, ya san zaren aikin yana dab da ƙonewa, sai ya tsuke ƙofar hasken gilashin, ko ya murɗa baƙin gilashin da ke rage rana, har layukan su janye, su rage kawai a rufin kwano da gilashin mota, inda ba wanda zai nemi komai. Layukan ba sa shiga cikin abin da aka ɗauka, shi kaɗai yake ganin su.

To amma ceto riga ba ya nufin an ceto fuska. Nan ne launin aro yake shigowa. Da an kunna shi, hoton ya rikiɗe: inda ya ƙone ya zama ja, inda ya dulmuye ya zama shunayya, tsaka-tsakin haske ya zama kore, abin da ya ɗara shi kaɗan ya zama ruwan hoda. Yawancin darussan da ke intanet za su ce maka ka sa fuska a ruwan hoda, ko ka saita zebra a 70. Wannan awo na farar fata ne, kuma tsohon al'amari ne: tun shekarun 1950 kamfanin Kodak yake raba wa masu wanke hoto katin gwaji mai ɗauke da hoton Baturiya, da shi ake daidaita launi. Gwanin Sakkwato ya san fuskokin da ke gabansa sun fi zama daidai a kore ko kusa da shi. Idan ya tilasta su zuwa ruwan hoda, fatar za ta koɗe, rigar kuma ta tafi. Idan tazarar riga da fuska ta fi ƙarfin kyamara, ba ya jayayya da rana. Zai matsa kusa da uban ango ya rusuna: "Ranka shi daɗe, a ɗan matso ƙarƙashin darbejiya." Ko ya sa yaronsa ya riƙe farin kwali ya mayar da haske ƙarƙashin hular.

Lokacin hunturu matsalar takan juye. Hazo ya rufe gari, babu baƙi sosai, babu fari sosai. Ido zai ce hoton ya yi laushi, ya yi kyau. Jadawalin haske da ake kira histogiram shi zai tona asiri, don za a ga komai ya dunƙule a tsakiya, gefe da gefe fayau. Ganin haka gwani ya san yana da sarari, ya ɗauka da natsuwa, ya bar wa mai tacewa aikin ƙara armashi.

Sai fokas, wanda ya fi kowanne cin amana. A allo mai faɗin tafin hannu komai kaifi gare shi, sai an haska a talabijin a ga cewa ginin da ke baya ne ya fito tar, mai magana kuma ya yi dishi-dishi. Manhajar tana zana jan layi ko kore a gefen duk abin da ya yi kaifi. Dubi hannun gwani lokacin da malami yake nasiha bayan ɗaurin aure: yatsu biyu a kan zoben gilashi, yana murzawa a hankali, jan layin yana tafiya daga makirufo zuwa gemu, daga gemu zuwa gashin ido, nan ya tsaya. Malam ya sunkuya gaba, yatsun suka bi shi. Ya san kuma aikin zare da gezar rawani suna jan layin fiye da fata, saboda haka ba ya ruɗuwa don ya ga ƙirji ya yi ja. Ido yake nema.

Na ƙarshe layukan tsara hoto ne. Biki ɗaya yanzu wuri biyu yake zuwa: allon talabijin da YouTube mai kwance, 16:9, da TikTok da sitatus na WhatsApp masu tsaye, 9:16. Gwani yakan ɗora layukan tsaye a kan hoton kwance, ya tabbata ango da waliyyi suna ciki, don kada a yanka gobe a ga rabin mutum. Da layukan ne kuma yake lura ko dogon bututun kamfani ya tsiro daga kan wani.

A da, waɗannan ma'aunai sai manyan kyamarorin gidajen talabijin. A 2009 manhajar Magic Lantern ta kawo irinsu cikin kyamarorin Canon na ɗaukar hoto. A 2023 kamfanin Blackmagic ya fitar da manhajarsa kyauta ga iPhone, a 2024 ta iso wasu wayoyin Android. Yau yaron da ke koyon aiki a Kalambaina yana iya riƙe su duka a aljihunsa.

Sai dai ma'auni faɗa yake yi, ba ya yanke hukunci. Zebra ba ta san cewa uwar ango za ta fi son ganin fuskar ɗanta a kan ganin aikin rigarsa ba, jan layi bai san wane ne babba a cikin taro ba. Wannan lissafi a kan gwani yake, kuma cikin daƙiƙa yake yin sa, don ba a cewa liman ya maimaita fatiha saboda hoto bai fito ba.