« Mobilité »: kaiwa ko kawowa? Sharhi a kan tallafin tafiyar masu bincike ta fuskar nazarin Hausa

0. Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa cike takardar neman tallafin bincike a jami'o'inmu ya san kalmar « mobilité ». Tana cikin sanarwoyin AUF, tana cikin shirin Erasmus+ na Tarayyar Turai, tana kuma cikin yarjejeniyoyin da shugabannin jami'a ke sa wa hannu da takwarorinsu na waje. A wannan ƴar maƙala za mu yi sharhi a kan kalmar da tsarin da ke bayanta, mu auna su da fannin da muka fi sani, wato nazarin harshen Hausa a Nijar. Ra'ayinmu shi ne, tallafin waje ya share mana hanyar Paris da ta Jamus, ya bar hanyar Kano ba ko dala, alhali ga mai nazarin Hausa can ne aikin ya fi yawa. Gwamnatocinmu kuma ba su cike wannan gurbi ba.

1. Kalmar da ba ta faɗin inda aka dosa

« Mobilité » suna ne, kuma a Faransanci ana iya ambatar sa ba tare da an faɗi wanda ya tashi ko inda ya nufa ba. Mai fassara zuwa Hausa ba ya da wannan sauƙi, domin da zarar ya ɗauki aikatau sai ya zaɓi wuri. A rabe-raben da Parsons ya yi a 1960, aikatau na aji 6 yana ƙarewa da -o, yana kuma nuna cewa aikin ya doso wajen mai magana: fita da fito, kai da kawo, aika da aiko, kwasa da kwaso. Aji na 5 kuwa, wanda Newman ya sake wa fasali a 1983, yana nuna an kawar da abu daga wurin mai aikin: fitar da, sayar da. Ke nan kafin a fassara jimla ɗaya ta irin waɗannan sanarwoyi dole a san inda mai maganar yake zaune, kuma kusan kullum yana zaune ne a ofishin mai ba da kuɗi.

Gaskiya ne akan raba « mobilité entrante » da « mobilité sortante », wanda ke sa a ɗauka kamar tafiyar biyu daidai suke. Amma a dubi abin da kowane matafiyi ke zuwa yi. Namu yana tafiya ya shiga ɗakin karatu, ya ga malamin da ke duba masa aiki, ya sami « formation ». Nasu yana zuwa « terrain », ya naɗi magana, ya koma. Idan muka tsaya a Paris muka faɗi abin da Hausa, sai mu ce an gayyato ɗalibi, an kwaso bayanai. Duka biyun aji 6 ne. Idan muka tsaya a Maraɗi, an fitar da ɗalibi, an fitar da bayanai. Ba mu ce akwai mugun nufi a ciki ba. Hukumar KFPE ta ƙasar Suwis ta tsara ƙa'idoji 11 tun 1998, inda ta nemi a riƙa tsara manufar bincike tare, a raba nauyi, a raba amfanin da aka samu, kuma ƙa'idoji ne masu kyau. Sai dai zaman mutum biyu suke gyarawa, mai kuɗi da mai karɓa. Mutum na uku, wato maƙwabcin mai karɓar, ba shi ne damuwarsu ba.

(Ko kalmar « Nord-Sud » ma ba ta fassaruwa yadda ake so. Ga Bamaraɗe kudu ita ce Katsina da Kano, ga mutumin Dogondutsi kuwa Arewa sunan ƙasarsa ne.)

2. Abin da aka samu da abin da aka rasa

Ba adalci ba ne a ce haɗin gwiwa da waje bai haifar da komi ba. Cibiyar IRSH ta samo asali ne daga reshen IFAN da aka buɗe a Yamai a 1944. Taron Bamako na 1966, wanda ya daidaita baƙaƙen rubuta Hausa da wasu harsunan yankin, UNESCO ce ta shirya shi, kuma da taimakonta aka kafa cibiyar da ta zama CELHTO a 1968. Claude Gouffé ya yi aiki a kan Hausar Dogondutsi, Bernard Caron ya fitar da littafinsa a kan Hausar Adar a 1991, wanda har yau ba mu da kamarsa ga wani karin harshen ƙasar nan. Manyan littattafan nahawu uku sun biyo baya: na Wolff a 1993, na Newman a 2000, na Jaggar a 2001. Da yawa daga cikinmu da kuɗin irin wannan tallafi muka yi digirin doktora.

Amma a lura da inda aka buga waɗannan ayyuka da harshen da aka rubuta su. Na Caron a Berlin ya fito, na Wolff da Jamusanci yake, sauran biyun da Ingilishi. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kuɗin kowane littafi da ake sayowa daga Turai ya ninka cikin dare ɗaya, a daidai lokacin da albashi ke yin watanni bai fito ba, jami'a kuma ke fama da shekarun karatun da aka soke. Littattafan da aka rubuta a kan harshenmu sun fito ne a lokacin da ɗakunan karatunmu suka fi kasa sayen su. Sakamakon haka tafiya Turai ta zama hanyar karanta abin da aka naɗa a Tawa.

Wani abin lura shi ne yadda ake raba kuɗin tsakanin fannoni. Masu nazarin yanayi sun ga manyan shirye-shirye a ƙasar nan: HAPEX-Sahel a 1992, AMMA wanda ya yi babban aikin awonsa a 2006, sannan WASCAL da Jamus ta ɗauki nauyinsa. Cibiyoyin ƙwarewa da Bankin Duniya ya fara tallafa wa a 2014 sun fi karkata ga kimiyya da fasaha, noma da lafiya. Ba ma yi musu hassada, fari da yunwa ba wasa ba ne. A fannin harshe kuwa manyan asusun da suka bayyana, DoBeS a 2000 da ELDP a 2002, na harsunan da ke gab da ɓacewa ne. Tasawak ta Ingal tana iya shiga wannan layi, Hausa ba ta shiga, domin masu magana da ita miliyoyi ne. To amma wace Hausa? Wanda ya ce « munka tahi » maimakon « muka tafi », ko « gidanai » maimakon « gidansa », ko « hwari » maimakon « fari », ko ya rufe jimla da na da ta a gurbin ne da ce, yana riƙe da siffofin da masu nazarin tarihin harshen ke ɗauka a matsayin tsofaffi. A kunnenmu rediyo da finafinan Kano suna ta shafe wasu daga cikinsu a bakin matasan birane. Harshen bai cikin haɗari, karorinsa ne ke zaizayewa, kuma takardar neman tallafi ba ta da akwatin da za a rubuta wannan a ciki. Malamin da ke son kuɗi sai ya lulluɓe aikinsa da rigar wani furoje na kiwon lafiya ko na ilimin ƴan mata, ya yi ƙamus na kalmomin allurar rigakafi, ya ajiye taswirar karin harshe sai wata rana.

3. Hanyar Kano

Daga Maraɗi zuwa Katsina bai kai kilomita 100 ba. Daga Damagaram zuwa Kano kimanin kilomita 240 ne, wato ƙasa da sulusin nisan Damagaram da Yamai. Sakkwato tana kusa da Birnin Ƙonni fiye da yadda Tawa take. A waɗannan garuruwa, da Zariya da Maiduguri, ana koyar da Hausa da Hausa tun daga digirin farko har zuwa doktora, kuma an tara ɗaruruwan kundaye waɗanda ba a buga ba, sai dai mutum ya je ya zauna ya karanta. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano tana aiki tun 1969. Can aka gina kalmomin fannin da muke lalube a nan duk lokacin da za mu rubuta irin wannan maƙala: littafin keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya shirya a 1990, Tsarin Sauti da Nahawun Hausa na M.A.Z. Sani a 1999, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a 2006.

Hanyar ba sabuwa ba ce. A 1978 mujallar Harsunan Nijeriya ta buga nazarin J.G. Malka a kan bambancin furuci tsakanin daidaitacciyar Hausa da Hausar Filinge, da Hausa aka rubuta shi. A Janairu 1980 masana daga ƙasashen biyu sun haɗu a CELHTO don daidaita ƙa'idojin rubutu. Abin da ya biyo baya shi ne kowa ya kama gabansa: makarantun gwaji na Hausa da Faransanci da aka fara a Damagaram a 1973 suka ci gaba da nasu littattafai, dokar ma'aikatar ilimi ta Oktoba 1999 ta tabbatar da rubutun Nijar, har yau mu muna rubuta ƴa su suna rubuta 'ya. Harafi ɗaya ne, amma ya isa ya raba kasuwar littafi biyu, ya kuma rikita binciken kalma a kwamfuta.

Me ya sa hanyar ta mutu? Dalili na farko tsarin ƙarin girma ne. CAMES, wadda aka kafa a nan Yamai a 1968, ita ke duba takardun malamanmu, Nijeriya kuwa ba ta ciki. Malamin da ya rubuta maƙala da Hausa a wata mujallar Kano yana da dalilin tambayar kansa wa zai iya karanta ta a kwamitin da zai auna shi, don haka sai ya rubuta da Faransanci ya aika Dakar ko Paris. Dalili na biyu kuɗi ne. AUF ƙungiya ce ta jami'o'i masu aiki da Faransanci, ba aikinta ba ne ta kai mu ɗakin karatun Hausa. Tarayyar Turai ta buɗe shirin tafiya tsakanin jami'o'in Afirka a 2016, amma daga Brussels ake gudanar da shi, sai an haɗa gungun jami'o'i da abokin aiki na Turai, abin da ya fi ƙarfin sashe mai malamai biyar. Misalin da ya fi nuna tsarin a fili shi ne babban shirin binciken Jami'ar Frankfurt na 1988 zuwa 2002 a kan al'adu da tarihin harsunan yankinmu, wanda ya yi aiki da Maiduguri da Wagadugu. An yi aiki mai inganci, an horar da mutane. Amma igiyar da ta ɗaure jami'o'in Afirka biyun ta bi ta Frankfurt ne, Yamai kuma da ke tsakaninsu ba ta cikin manyan abokan shirin.

4. Bayan Yuli 2023

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Faransa ta dakatar da taimakonta ga Nijar cikin kwana uku. A Satumba na wannan shekara ɗalibai da masu bincike na Nijar, Mali da Burkina Faso da suka riga suka sami gurbi da kuɗin karatu a Faransa suka ji an dakatar da tafiyarsu, ba biza. A Janairu 2024 aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai, a Maris 2025 kuma Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar OIF. Ba hukuncin siyasar kowane ɓangare muke yi a nan ba. Abin da ya shafe mu shi ne ɗalibin doktora mai malamai biyu, ɗaya nan ɗaya can, wanda aikinsa na shekara uku ya tsaya saboda shawarar da ba ta da alaƙa da ingancin bincikensa. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Za a ce mana hanyar Kano ma ai ta rufe, kuma haka ne. Takunkumin CEDEAO ya toshe iyakar daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, ga kuma ƴan bindiga a yankin Jibiya da Madarumfa. Amma akwai bambanci. Da aka buɗe iyakar, ƴan kasuwa da almajirai da masu ziyarar dangi sun koma zirga-zirgarsu nan take, domin tafiyarsu ba ta jiran sa hannun wani kwamiti. Malaman jami'a ne ba su koma ba, don da ma ba sa bin hanyar.

A nan laifin ya dawo gida. Tun Tsarin Legas na 1980 ƙasashen Afirka suka ɗauki alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikin da suke samarwa don bincike, aka sake nanata shi a Khartum a 2006, kuma Nijar ba ta kusanci wannan adadi ba. An buɗe jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram a 2010, dukansu a tsakiyar ƙasar Hausa, dukansu ƴan sa'o'i daga wata jami'ar Nijeriya. A Maris 2025 kundin « Charte de la refondation » ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wannan mataki yana bukatar kalmomin shari'a da na mulki, ƙamus na Hausa zalla mai ɗauke da karorin Adar, Gobir, Arewa da Damagaram, da malaman da za su koyar. Babu mai ba da tallafi na waje da zai biya wannan, kuma ba shi da dalilin biya. Rabin aikin kalmomin an riga an yi shi a Kano da Zariya, sauran rabin, na karorinmu, su ma suna bukatar sa daga gare mu. Kuɗin tikitin jirgi ɗaya na zuwa Paris da dawowa ya isa a kai ɗaliban mastar biyu ko uku Kano a mota, su yi makonni a ɗakin ajiyar kundaye, kuma wannan layi ne da majalisar tsangaya ke iya rubutawa cikin kasafinta na baɗi ba tare da ta jira sanarwar kowa ba.